Asalin Matar Baffa

Gidan da na tashi a Largo, wani gari a ƙasar Turawa, yana cikin jerin gidajen nan masu manne da juna, waɗanda idan maƙwabci ya yi tari kana jinsa. A falon ƙasa akwai murhu a jikin bango, amma tun da muka tare babu wanda ya taɓa hura shi. Umma ta jera hotunanmu a samansa, ta cusa kwandon furen roba a bakinsa. Shekarata tara a lokacin, ƙanwata Jidda tana da shida, kuma ba mu daɗe da barin Kano ba. Abba likita ne a wani asibiti kusa da mu, yakan fita da duhu ya dawo da duhu.

Hajiya, mahaifiyar Abba, ta iso ne a tsakiyar sanyi. Ba ta yi mako guda ba ta yanke hukunci a kan hita, na'urar da ke ɗumama mana gida.

"Ɗumin da ba na ganin inda yake fitowa ban yarda da shi ba," in ji ta. "Busar min da hanci kawai yake yi. Likita, wancan ramin na bango na ado ne?"

Likita take ce wa Abba, don shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa. Ni kuwa sunan mijinta aka sa min, saboda haka Maigida take kirana, tana tsokanata wai na bar ta ba kuɗin cefane. Abba ya kira mai share bututun hayaƙi, ya sayo itace a ɗaure, Umma ta kwashe furenta tana ƙunƙuni. Daga ranar, da an idar da Magariba, wadda a sanyin nan take faɗuwa tun yamma ba ta gama yi ba, sai Hajiya ta ja dardumarta gaban wuta. Takan binne dankalin Hausa a toka, ta miƙe ƙafa, mu kuma mu kwanta rub da ciki a gefenta. Tatsuniyoyin kura da zomo take mana, da na 'yan matan da suka je ɗiban ruwa suka gamu da abin da ba su zata ba. Idan Jidda ta yi tambaya da Turanci, Hajiya sai ta kalli wuta kamar ba ta ji ba, har sai ta sake da Hausa.

Ba don mu Hajiya ta hau jirgi ba. Baffa Sani, ƙanen Abba, injiniya ne a Alexandria, wani gari da ba shi da nisa da mu, kuma ya ce ya ga matar aure, Baturiya, abokiyar aikinsa. Sunanta Sara, Hajiya ta mayar da ita Saratu tun ranar farko. Maganar addini ba ta tsaya a kanta ba, ta ce ta tambayi malamai tun a gida sun ce ya halatta. Abin da ya kawo ta shi ne asali.

"Ba a ɗauko mace kamar an tsinci kaza a hanya," ta ce wa Baffa. "'Yar wace ce? Su wane ne kakanninta? Me suka ci, me suka aikata? 'Ya'yanka ne za su ɗauka."

Baffa ya yi dariya, ya ce in dai asali ne an zo gidansa, don mahaifiyar Saratu ba ta da hirar da ta fi wannan. Danginsu suna cikin Turawan Ingila na farko-farko da suka zauna a wannan yanki, sama da shekara ɗari uku da suka wuce, kuma har yanzu akwai ragowar gonarsu a bakin kogin Patuxent, kudu da mu. Wata Asabar Baffa ya ɗauki Hajiya a mota, suka je suka wuni can da Saratu da mahaifiyarta, shi yana yi musu tafinta. Mu ba a je da mu ba.

Da ta dawo ba ta ci tuwon da Umma ta ajiye mata ba. Ta yi salla, ta zauna gaban wuta, ta daɗe tana juya itace ba tare da buƙatar a juya shi ba. Sannan ta ce, "Ku matso. Yau wadda zan ba ku ba ƙirƙirarta aka yi ba. Da ƙafarta ta zo."

Sunan mutumin ya gagari harshenta, don haka ta raɗa masa Jatau, kuma har yau a gidanmu Jatau muke ce masa.

Ta ce a wani gari na bakin teku a Ingila, inda ruwan sama ba ya gajiya, aka haifi Jatau. Ubansa mai haɗa gangunan katako ne, irin waɗanda ake zuba kaya a ciki a loda wa jirgi. Yaron ya fara koyon sana'ar ke nan annoba ta shigo garin, ta ɗauke uban da uwar a damina ɗaya. Mai gidan haya ya fitar da shi. Ya koma kwana a bakin tashar jirage, yana ɗaukar kaya don a ba shi guntun burodi.

Na katse ta. Na ce Bature ne fa.

"Bature ne, Maigida. Yunwa ce dai irin wadda ka sani."

Wata rana wani mutum mai kyakkyawar riga ya same shi, ya ce akwai ƙasa a ƙetaren teku inda fili ya fi mutane yawa. Za a kai shi kyauta, shi kuma ya biya da ƙarfinsa, ya yi wa wani bauta na wasu shekaru, daga nan ya zama mai kansa. Jatau ya duba bayansa bai ga kowa ba, ya ce ya yarda. Jirgin na katako ne, iska ke tura shi. Hajiya, wadda tafiyarta ta jirgin sama ma sai da ta kumbura mata ƙafa, ta ba da labarin wannan teku kamar da ita aka yi. Ruwan sha ya yi wari, burodi ya yi tsutsa, suna kwance a ƙasan jirgi kamar buhuna. Akwai wani yaro da suka shaƙu, suna raba bargo ɗaya. Wata safiya Jatau ya tashe shi bai tashi ba, aka naɗe shi a tsumma aka jefa a ruwa.

"Ba wanka, ba salla, ba kabarin da za a nuna wa uwarsa," in ji Hajiya. Ta ciro dankali daga toka, ta ɓare, ta raba mana. A nan ta tsaya ranar.

Washegari ta ɗora. Da jirgi ya shigo kogi ya tsaya, manoman taba suka hau suna zaɓe. Wani ya buɗe bakin Jatau ya duba haƙoransa, ya murza tafin hannunsa, ya matsa damtsensa, sannan ya biya mai jirgi ya tafi da shi. Aikin taba ba ya ƙarewa: a yi shuka, a cire tsutsa da hannu, a yanka, a shanya, a ɗaure. Lokacin zafi na farko da ya riske shi, sauron bakin kogi ya sa masa masassara har aka haƙa masa rami, sai kuma ya tashi. Ubangidansa mai saurin hannu ne. Sau ɗaya Jatau ya gudu cikin daji, yunwa ta koro shi, aka ɗaure shi a jikin itace aka zane shi, aka kuma ƙara masa shekaru a kan na da. Maman Saratu ta ce a danginsu ana faɗin cewa har ya tsufa ba ya tuɓe riga a gaban 'ya'yansa.

Jidda ta tambaya ko ya yi kuka.

"Ya yi mana. Da dare, in ya tabbata ba mai jinsa."

Mun so Jatau ƙwarai a waɗannan kwanaki. A makaranta ina zaune ina tunanin ko yau zai samu 'yancinsa. Ya kuwa samu. Aka sallame shi da buhun masara, da riga, da fartanya, da gatari, daga baya ya samu fili a bakin kogi. A nan Hajiya ta ce da ya shiga sharar filin ya tarar da tsofaffin kunyoyi a ƙarƙashin ciyawa, da fasassun tukwane.

"Gonar da ka tarar da kunya a cikinta, wani ya riga ka nomawa. Na tambayi Maman Saratu ina masu tukwanen. Ta ce an tura su gaba. Ban san ina ne gaba ba, ita ma ba ta sani ba."

Jatau ya kafa bukka, ya auri wata yarinya da ita ma bauta ta kawo ta, mai tatsar shanu. Suka haifi 'ya'ya, masassara tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, har saura namiji guda. Daga baya matar ma ta bi su. Abin da ya tsamo shi sana'ar ubansa ce. Duk mai taba yana buƙatar ganga, kuma a duk bakin kogin babu wanda ya iya haɗa ta kamarsa. Ya ƙara fili, ya rushe bukka ya gina gida mai bene, ya zama idan ana shawara a coci sai an jira shi.

Na ɗauka labari ya ƙare ke nan, maraya ya zama maigida. Na ma fara tafi. Hajiya ta ce saura, amma sai gobe.

Goben ba ta binne dankali ba. Ta ce ranar da suka je gonar, Maman Saratu ta kai ta maƙabartar dangi a kan wani tudu. An kewaye ta da shingen ƙarfe, kowane kabari da dutsensa da suna a jiki, na Jatau a tsakiya ya yi baƙi don tsufa. Hajiya ta yi musu irin addu'ar da ta ga ta dace. Da za su juyo, sandarta ta bugi wani dutse a bayan shingen, cikin sarƙaƙiya. Ta duba ta ga wani, ta ga wani, a jere, duwatsun daji ne kawai ba rubutu. Ta san jeri irin wannan ba ruwa ne ya yi shi ba. Ta ce wa Baffa ya tambaya na su wane ne. Baffa ya ce a bar maganar. Ta ce ya tambaya.

Fuskar Maman Saratu ta yi ja, amma ba ta yi ƙarya ba. Hajiya ta riƙe mata wannan har ƙarshen rayuwarta.

Ga abin da ta faɗa. Da gonar Jatau ta fi ƙarfinsa, wani jirgi ya shigo kogin, wannan karon da baƙaƙen mutane a cikinsa. Jatau ya sa rigarsa mai kyau ya gangara bakin ruwa, wurin da aka taɓa buɗe masa baki. Ya hau ya zaɓa. Cikin waɗanda ya saya akwai wata yarinya. Su kuma ba shekaru aka yanka musu ba, babu ranar sallama, babu buhun masara. Bayan wani lokaci yarinyar ta haifi ɗa namiji mai hasken fata, kuma duk bakin kogin an san na wane ne. Yaron ya tashi yana riƙe wa yayansa doki. Da Jatau ya mutu, babban ɗan ya gaji gida da gona da shanu, ya gaji ƙanensa a cikin kayan gadon. Duwatsun nan na bayan shinge kaburburan bayin gidan ne.

Umma, wadda ke ninke kaya a kan kujera, ta daina ninkewa.

Na ce, "Hajiya, to shi mutumin kirki ne ko mugu?"

"Kakan surukanmu ne," in ji ta. "Na gaya maka abin da aka shayar da shi, na gaya maka abin da ya shayar da wasu. Ban rage masa ko ɗaya ba."

Na ce amma ai ya san zafin abin.

"Ya sani. Shi ya sa na kasa cin tuwo ranar."

Sai ta ba mu wani labarin da ko Abba ya ce bai taɓa jinsa daga bakinta ba. Kakarta ta wajen uba, wadda suke kira Iya, ba Bakanuwa ba ce. Mahara ne suka kamo ta tana ƙarama daga wani ƙauye a cikin duwatsun kudu, aka sayar da ita a Kano, ta ƙare a gidan kakan Hajiya. Hajiya ta tashi ta same ta tsohuwa, da tsage a fuska irin wanda babu mai shi a unguwar, kuma idan tana tsince shinkafa takan yi wata waƙa ƙasa-ƙasa da yaren da babu mai ji. Ɗan da ta haifa ɗa ne, ya ci gado tare da 'yan'uwansa, shi ne mahaifin Hajiya.

"Wannan kam mun fi su," ta ce. "Amma kada ku yi saurin fahariya. Iya har ta mutu ba ta sake ganin uwarta ba, kuma ban taɓa jin wanda ya tambaye ta ko tana so ba."

A daren Juma'ar da ta biyo baya Baffa ya zo cin abinci, Hajiya ta faɗi matsayinta a gaban kowa. Ta yarda da Saratu, ta yarda da gidansu. Sai dai ta ji cewa zuriyar yaron da baiwar nan ta haifa wa Jatau suna nan a yankin, suna ɗauke da sunan gida ɗaya da su Saratu. In za a yi walima, a gaya musu.

"Aure dangi ake gaya wa," ta ce. "Ban taɓa jin an gaya wa rabin dangi ba."

Abba ya ajiye cokali. "Hajiya, ƙasar nan ba kamar gida ba ce. Wannan tsohon ciwo ne a wurinsu, mu kuma baƙi ne. Ba mu da hurumi."

"Da ba mu da shi, Likita. Yanzu jininmu zai shiga ciki."

Baffa ya yi ta roƙonta. Ta ce ba ta hana aure ba, kuma ba za ta hana ba, amma ita ba za ta zauna a walimar da aka ɓoye wa masu haƙƙi ba. A ɗaura, ta yi musu addu'a daga ɗaki.

Maganar ta yi ɓarna. Maman Saratu ta ji haushi, ta ce ta buɗe wa baƙuwa cikinta don girmamawa, ba don a kafa mata sharaɗi ba. Saratu ta daina zuwa gidanmu. Baffa ya rame. Na sha leƙawa ta taga in gan shi zaune cikin motarsa a ƙofar gida, ƙanƙara tana taruwa a gilashi, ya kasa shigowa ya kasa tafiya. Abba da Hajiya suka koma gaisuwa kawai. Tatsuniya ma ta tsaya, Hajiya sai dai ta zauna gaban wuta da carbinta. Wata rana na ji tana ce wa Umma, "Ƙila na yi katsalandan. In yaron nan ya rasa matar nan saboda bakina, ban san da wane ido zan dube shi ba." Umma ta ce to ta janye mana. Hajiya ta ce ta gwada a zuciyarta, abin ya ƙi janyuwa.

Sanyi ya fara sauƙi lokacin da Saratu ta buga mana ƙofa, ita kaɗai, ba Baffa. Ta cire takalmi, ta durƙusa ta gaida Hajiya da 'yar Hausar da ta koya, Umma ta yi musu tafinta. Ta ce tun tana yarinya ta san akwai wani ƙaramin coci na baƙaƙen fata kusa da kogin, wanda sunan gidansu ya cika maƙabartarsa, kuma duk ranar da suka wuce a mota babu mai cewa komai. Lahadin da ta wuce ta shiga. Aka nuna mata dattijon dangin, wani tsohon direban bas ɗin makaranta mai suna Ishaya. Ta faɗa masa ko ita wace ce, da abin da ya kawo ta.

Hajiya ta ce, "Me ya ce?"

"Ya ce, mu mun san ku tun tuni, ku ne ba ku san mu ba. Sannan ya tambaye ni wa ya aiko ni. Na ce wata tsohuwa daga Afirka. Ya yi dariya har ya share hawaye. Ya ce zai yi tunani."

An yi walimar a wani zauren taro a Landover, bayan an ɗaura aure a masallaci. Hausawan yankin nan kaf sun zo, da 'yan Nijar abokan Abba, ga dambun shinkafa ga waina ga zoɓo. Maman Saratu ta zo, ta zauna a teburinsu a miƙe kamar mai jiran allura. Ana tsakiyar cin abinci sai ga wani dogon tsoho baƙi da kwat da hula a bakin ƙofa, wata jikarsa tana riƙe da hannunsa. 'Ya'yansa sun ƙi zuwa, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba.

Hajiya ta tashi da sandarta ta taro shi da kanta, ta zaunar da shi kusa da ita, ta kira ango daga kan kujerarsa ya zo ya yi tafinta da babbar rigarsa. Ta gaishe shi gaisuwar manya, ta tambayi gida, ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya. Malam Ishaya, haka ta kira shi. Sannan ta ce akwai abin da take so ta sani. Yarinyar nan da aka sauke daga jirgi, an riƙe sunanta?

"Bes," in ji shi. "Kakata ta gaya min, ita ma kakarta ta gaya mata. Amma wannan su suka sa mata. Wanda uwarta ta sa mata bai iso gare mu ba."

Hajiya ta gyaɗa kai. "Tawa ma haka," ta ce, ta kuma ba shi labarin Iya a taƙaice. Tsohon ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya saurara har ta gama.

Ban ga lokacin da Maman Saratu ta taso ba, sai ganinta na yi tsaye a bayansu, farantinta a hannu. Ta ce, "Ban taɓa sanin sunanta ba."

"Yanzu kin sani," in ji Malam Ishaya. Ya jawo kujerar da ke gefensa da ƙafa. Ta zauna.

Ba zan ce daga ranar suka zama abu ɗaya ba. Ba su zama ba. Sun dai riƙa gaisawa, kuma wani lokacin kaka Baffa da Saratu da jikokin tsohon sun je sun sare sarƙaƙiyar da ta rufe duwatsun. Shingen ƙarfen yana nan inda yake. Hajiya ta koma Kano bayan bikin, ta sake zuwa sau biyu, kuma duk zuwan sai ta ba mu labarin Jatau daga farko, yanzu da sunan Bes a cikinsa. Takan rufe da cewa, "Nan na sauke shi. Mai ƙarfi ya ɗauka."

Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin gargaɗi, cewa wanda ya sha wuya yana iya mantawa ranar da ya samu sarari. Wannan ma gaskiya ne, kuma na ga irinsa a tsakaninmu mu da muka zo ƙasar nan da akwati ɗaya. Amma abin da ya fi tsaya min yanzu, da na kai shekarun Abba na wancan lokaci, shi ne yadda ta ba da shi. Ta sa muka so yaron nan, muka ji sanyin jirgi da zafin bulala tare da shi, alhali tun daren farko ta san inda labarin zai ƙare. Da ta fara da duwatsun, da mun tsane shi mun huta, mun ce halin Turawa ne. Ba ta ba mu wannan sauƙin ba. Kuma ba ta tsaya a gidan surukai ba, sai da ta buɗe namu.

Hajiya ta rasu shekarun baya. Mun yi zaman makoki a nan Largo, a gidan Abba. Da mutane suka ragu, 'yar Baffa ta fari, wadda aka sa wa sunan Hajiya muke kiranta Ummi, ta same ni a kicin ina wanke kofuna. Tana jami'a lokacin. Tana jin Hausa sama-sama, amma da Turanci take magana. Ta ce iyayenta sun ba ta labarin gutsi-gutsi, kowa da inda yake tsallakewa, kuma an ce ni na ji shi daga bakin mai shi.

Na ba ta shi da Turanci, daga annoba har zuwa walima, har da Iya. Ta jingina da firji tana saurare. Da na gama ta ce, "Ke nan ni jikar wanda ya saya ce, kuma jikar wadda aka sayar."

Na ce haka ne. A lokacin ne na gane wa Hajiya take nufi da ta ce jininmu zai shiga ciki, shekaru kafin a haifi yarinyar.

Ummi ta tambayi sunan ƙauyen su Iya. Na ce babu wanda ya sani. Ta tambayi waƙar. Na ce Hajiya ta taɓa gwada mana ita sau ɗaya, amma ban riƙe ba. Ta ɗauki tawul ta fara goge kofunan da na wanke.

"Yaya," ta ce da Hausarta mai tuntuɓe, "sake faɗa min. Yadda ita ta faɗa. A hankali, ko ban gane duka ba."

Na rufe famfo, na jawo mana kujeru biyu.